Kawu Mai Aske Shanu Ranar Ruwa

Na Allah muke, wurinsa za mu koma, kuma Kawu ya riga mu. An yi masa salla bayan la'asar aka kai shi. Mu mata ba mu je maƙabarta ba, a nan ba ma zuwa. Da Abba ya dawo na tambaye shi ko zai iya gane kabarin wata rana. Ya ce, "Layi ne, 'yata. Duwatsu iri ɗaya, ba suna." Tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ban tabbata ni ce na dace ba. Ina tsoron in ƙara masa abin da bai yi ba, ina kuma tsoron in rage.

A gidanmu na unguwar Kurayyat, nan Jidda, aka yi zaman makoki, don ɗakin da Kawu ya zauna a ciki bai kai ya karɓi baƙi ba. Ni nake zagayawa da gahwa a ɓangaren mata, saboda haka na ji abubuwa da yawa, wasu ma da ba a so in ji ba. Wata tsohuwa 'yar garinsu, daga Gadarif ta Sudan, tana shigowa ta fashe da kuka tana cewa, "Allah Ya jiƙan mai nono! Duk haihuwar da na yi a garin nan, man shanunsa na ci." Wasu mata biyu da suka zo daga unguwar Safa, dangin mijin 'yarsa, suka zauna can gefe da ƙamshinsu. Na ji ɗaya ta karkata ta ce wa 'yar'uwarta, "Miskin. Ashe har yanzu yana zuwa wajen shanun nan? Da tsufansa? Wa ya aike shi?" Umma kuwa, wadda ita ce ƙanwarsa, kukanta haɗe yake da faɗa. Duk wadda ta yi mata gaisuwa sai ta amsa da, "Shanu suka kashe min ɗan'uwa."

A ɓangaren maza, Abba ya ce abokan aikinsa biyu sun zo, wani dattijo Basudane da wani ɗan Bangaladash, suka tsaya a bakin ƙofa suka ƙi taka darduma, wai ƙafafunsu da datti. Kafilin Kawu, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, mai shanun, shi ma ya leƙo. Ya ce marigayin kamar uba yake gare shi. Sannan ya ƙara da cewa, sau biyu, shi bai umarce shi ya fita ranar ba. Bai gama shan gahwarsa ba ya tafi.

Amma wadda idon kowa ke kanta ita ce Abla. Haka muke kiranta, yadda ake kiran babbar ya a nan. Ita kaɗai Kawu ya haifa, mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, a hannun Umma ta girma tare da mu. Tana zaune jikin bango, idonta a bushe, tana amsa gaisuwa da Larabci. Kowa a ɗakin ya san ita da babanta ba su daidaita ba shekara da shekaru, kuma kowa ya san abin da ake jira. A wurinmu, in mutum ya rasu, wanda yake da haƙƙi a kansa yakan faɗa da bakinsa cewa ya yafe. Umma ta yi imani cewa muddin Abla ba ta furta ba, ɗan'uwanta yana kwance da nauyi a kansa. Ni ba malama ba ce, ba zan yi fatawa ba. Na dai san Umma ba ta iya cin abinci saboda wannan.

Kawu ya zo ƙasar nan yana saurayi, ya yi aikin hajji ya zauna. A iƙamarsa, takardar izinin zama, makiyayi aka rubuta, kuma bai taɓa neman a canza ba. Yana aiki a wani garken shanun tatsa da ke kudu da gari, can bayan rumbunan kaya, inda kwalta ke ƙarewa. Ba kiwo ba ne irin na daji. Shingaye ne na ƙarfe da rumfar kwano, da shanun ƙetare masu baƙi da fari, waɗanda ba su taɓa ganin ciyawa a tsaye ba. Yana tatsa, yana kwashe kashi, yana karɓar haihuwa, yana gyara kofato. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, hannunsa kamar busasshiyar fata. Ko ya yi wanka ya sa turare, in ya shigo gida sai mu san ya shigo.

Tun da na gama jami'a na fara aiki a ɗakin gwajin jini, bai ƙara kiran sunana ba. Dakta. Na gaya masa ni ba likita ba ce, ya ce ai shi bai kashe kuɗin makaranta don a kira ni da sunan yanka ba, alhali ba shi ya biya ba. Yakan miƙo min kindirmo ya ce, "Dakta, sa wannan a madubinki ki gani in akwai ƙarya a ciki." Duk matar da ta haihu cikin mutanenmu, daga Kurayyat har Bab Makka, sai ya aika mata man shanu a kwalba, ko ya san mijinta ko bai sani ba. Bai iya zaman hira ba. In ya zo gaishe mu, yana shan shayi yana duban ƙofa. Maganarsa guda ce da ba ta ƙarewa a bakinsa: "Saniya ba ta da hannu." Ba ta iya wanke kanta, ba ta iya nuna inda ke mata ciwo, saboda haka wanda ke da hannu shi aka ɗora wa.

Sai maganar ruwa. A Jidda ruwan sama baƙo ne, yakan zo sau ɗaya ko biyu cikin sanyi, wata shekarar ma ba ya zuwa. In ya sauka a rufe makarantu, tituna su cika, samari su fita da waya suna ɗaukar hoto. Kawu kuwa da ɗigon farko ya faɗi sai ya ce, "Damina ta zo," ya ɗauki babban almakashinsa da yake naɗewa a tsumma mai mai, ya nufi garke. Yakan bi shanun ɗaya bayan ɗaya cikin ruwan. Ya kama wutsiya ya datse gezar, ya durƙusa ya aske gashin hantsa da na cinya da na bayan ƙafa. Kafilin ya taɓa sayo injin aski, Kawu ya ce shi ba zai haɗa lantarki da jiƙaƙƙiyar saniya ba, kuma a nan ina jin yana da gaskiya.

Dalilinsa daga Gadarif ya taho da shi. Can ƙasar baƙar laka ce, damina kuma watanni take yi. Ya ce laka da kashi sukan taru a gezar wutsiya su dunƙule, su bushe su zama kamar dutse, har su yanke wutsiyar ko su yi tsutsa. Hantsa kuma in gashinta ya riƙe caɓi sai ta kumbura, nono ya lalace. Ba a aske su da rani don suna buƙatar wutsiyar korar ƙuda. Ranar ruwan farko ake yi, ranar kuma ba a ɗagawa, don gobe laka ta riga ta kama. Haka mahaifinsa ya koya masa, haka ya yi har ya mutu.

Dole in faɗi ɗaya ɓangaren, ko da yake yana min nauyi. Na taɓa tambayar likitan dabbobin da ke zuwa garken, don abin ya dame ni. Ya yi dariya, ya ce can Sudan haka ne, amma nan ƙasar yashi ce, ruwan na yini ɗaya ne, rana ta fito ta busar da komai. Ya ce gashin hantsa gara a aske shi a bushe, ko wace rana. Ya ce wutsiyar ma cutarsu ake yi, don bayan ruwa ne ƙuda da sauro ke yawa, ga shanu an bar su da guntu. Dattijo Basudanen nan kuwa ya rantse min cewa tun da yake tare da Kawu bai ga saniyar da hantsarta ta ruɓe ba. To amma shi abokinsa ne, likitan kuma baƙo ne mai zuwa da safe ya tafi. Ban san wanda zan bi ba. Abin da nake zato, kuma zato ne kawai, shi ne Kawu ya yi shekarunsa duka a Jidda yana shirin wata damina da ba ta taɓa biyo shi ba.

Ranar ɗaurin auren Abla aka yi ruwa.

Mijin ɗan wani gida ne na Safa, jikokin alhazan da suka zo tun da daɗewa, masu shaguna da motoci, Hausarsu ta kusa ƙarewa. Umma ta sha wahala kafin su yarda da 'yar makiyayi. An shirya ɗauri bayan la'asar a falonmu. Kawu ya zo tun hantsi cikin sabuwar farar jallabiya da Abba ya ɗinka masa, yana zaune a takure kamar wanda aka ɗaure. Da azahar gari ya yi duhu. Ina tsaye a tsakar gida na ga ya fito ya ɗaga kai, ɗigo ya faɗo masa a goshi, ya fara neman takalmansa.

Umma ta ce, "Yaya, ina kuma za ka?"

"Yanzu zan dawo. In leƙa su kawai."

"Ka leƙa wa? Liman yana hanya!"

"Yaran can ba su san laka ba. In na bar su sai gobe, an makara."

"Yaya, ka ji tsoron Allah. 'Yarka ake ɗaura wa aure. Kai ne waliyyi!"

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ya ce, ba da faɗa ba, kamar mai bayani ga yaro, "Ita tana da ku. Su ba su da kowa."

Abla tana bayan labule da lalle a hannu. Ta ji.

Na yarda da gaske ya yi niyyar dawowa. Amma ruwa ya cinye hanya, motoci suka tsaya. Da liman ya gaji da jira, Abba ya kira shi a waya, aka ji muryarsa da kukan shanu a baya yana ce wa liman, "Malam, na wakilta ka, ka ɗaura." Aka ɗaura. Ya iso bayan magariba, jallabiyar ta zama ruwan ƙasa, gashin saniya manne har a gemunsa. Wani baffan ango ya miƙa masa hannu a gaban mutane ya ce, "Mabruk, ya Hajji. Shanun dai suna lafiya?" Aka kwashe da dariya. Kawu bai gane ba'a ce ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi, na gama da su duka."

Wannan dariyar ita ta bi Abla gidan miji. Ta gaya min cewa shekaru, duk ranar da hadari ya haɗu, sai surukarta ta leƙa taga ta ce, "Yalla, kira babanki, kada shanu su jiƙe." A bikin dangi ana gabatar da ita da sunan wadda babanta ya ɗaura aurenta ta waya. Ba ta taɓa yi wa Kawu rashin kunya ba, wannan zan iya shaida. Tana gaishe shi da salla, tana aika masa magani. Ta dai daina ce masa Baba. Sai "ya Hajji", kamar yadda za ta kira kowane dattijo a layi.

Shi kuwa duk Juma'a sai ya cika jarka da madara ya nemi mota har Safa. Ba ya hawa bene, wai kada ya ɓata musu kafet, sai ya bar wa mai gadin ginin ya kai. Abla ta ce wa mai gadin ya riƙa shanyewa. Ina zaton Kawu ya sani, don mutumin ya taɓa yi masa godiya a gaban Abba, yana yaba kaurin madarar. Kawu ya ce, "To, ciki ai ciki ne." Juma'a mai zuwa ya sake kaiwa.

Umma ta yi ta binsa. "Yaya, ka ce mata ta yi haƙuri. Me zai rage ka?"

"Haƙurin me? An ɗaura ko ba a ɗaura ba?"

"An ɗaura."

"Ga ta da 'ya'yanta, ga mijinta, ga ɗakinta mai sanyi. Me na hana ta?"

Ba taurin kai ba ne kawai, a ganina. Ya kasa ganin laifin ne sam. Wannan kuma ban sani ba ko ya rage laifin ko ya ƙara shi.

Cikin sanyin bana gari ya cimma garken. An ce za a tashi shingayen, kafilin ya sayar da filin, ya sayar da shanun ga mahauta. Ya ce wa Kawu ya huta, halas, aiki ya ƙare. Motocin da za su kwashe su aka sa musu rana, sai aka wayi gari da ruwa, aka ɗaga. Kawu ya san duk wannan. Ya san inda za a kai su. Ya ɗauki almakashinsa ya tafi. Ɗan Bangaladash ɗin ya ce ya roƙe shi, ya ce masa, "Baba, jibi yanka," Kawu ya ce to yau da gobe fa, a cikin laka za su kwana? Wata karsana ta ja da baya, ƙafarsa ta zame, ta danne shi jikin ƙarfe. Ƙugunsa ya karye. Kafin a samu motar da za ta iya shiga ya daɗe kwance cikin ruwa, sanyi ya shiga ƙirjinsa. Wannan ne ya tafi da shi, ba karayar ba.

Abla ta zo asibiti. Ina wurin. Ta ja kujera ta zauna kusa da kansa, abin da ban ga ta yi ba tun kafin aurenta. Ya buɗe ido ya dube ta ya ce, "'Yar baba, kin zo." Ta ce, "Na zo." Ta sunkuya kaɗan, tana jira. Na ga leɓensa yana motsi, na ce yau za a gama. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Dakta, ki gaya wa yaron nan, saura biyu a shingen baya. Ban kai gare su ba."

Abla ta miƙe ta gyara mayafinta. Ta ce, "Yara na jira na." Ba su ƙara ganin juna ba.

Ranar uku, da aka kusa tashi daga zaman, Umma ta kasa daurewa. Ta rarrafa ta zauna gaban Abla, ta kama hannunta a gaban mata.

"'Yata, ki faɗa. Ki sauke masa."

"Gwaggo, ba a nan ba."

"A nan. Mutane su shaida. Ubanki ne, shi ya haife ki."

Tsohuwar Gadarif ta sa baki, "Kalma ɗaya ce, yarinya."

Abla ta dube ta. Ta ce, da Hausa wannan karon, a hankali, "In kalma ɗaya ce, Hajiya, me ya hana shi?"

Matan Safa suka sunkuyar da kai suna gyara jakunkuna. Abla ta zare hannunta, ta zo inda nake da butar gahwa ta ce, "Kin zo da mota? Kai ni wurin."

Ba ta taɓa zuwa garken ba, sai a hanya na sani. Muka bar kwalta, muka isa. Shingayen suna nan, ba kowa a ciki, an kwashe shanun. Ƙofofin ƙarfe a buɗe, kwamin ruwa a kife. A jikin shinge ga gashin wutsiya tsibi-tsibi, baƙi da fari, inda ya riƙa tarawa yana wucewa gaba, iska tana jansa. Abla ta shiga da takalminta na zuwa unguwa. Ta tsaya a tsakiya ta dubi ƙasa. Ta buga dunduniya. Ƙura ta tashi.

Ta ce, "Kin gani? Ya bushe."

Na ce na gani.

"Ranar aurena ma haka ya bushe?"

Na ce ina jin haka, amma ban zo na duba ba.

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Da a ce za su mutu ne in bai zo ba, wallahi da na haƙura tuntuni. Da na ce babana ya ceci rayuka. Amma ba komai. Ba abin da zai same su. Ya bar ni don ba komai, ya mutu don ba komai." Ta durƙusa ta ɗauki gashin kaɗan, ta murza shi a yatsu, ta daɗe tana kallo. A nan ne kawai na ga hawayenta, kuma ba zan ce na san na mene ne ba.

Na yi ta juya maganar a raina kafin in iya fitar da ita. Na ce, "Abla, Umma za ta tambaye ni. Me zan ce mata?"

"Kada ki yi mata ƙarya."

"To kin yafe?"

Ta saki gashin, ta kakkaɓe hannu a abayarta. Ta ce, "Yau in na faɗa, don Gwaggo na faɗa, kuma Allah Ya san zuciya. Ki bari a sake yin ruwa. In na ji shi a taga ban ji abin da nake ji ba, zan kira ki in faɗa."

Haka na gaya wa Umma, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya Allah, Kai Ka san abin da bawanka ya nufa da abin da ya kasa gani, Ka yi masa da rahamarKa, Ka sanyaya zuciyar wadda ya bari. Umma yanzu kullum da safe sai ta fita tsakar gida ta ɗaga kai. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, sama fes take. A garin nan jiran ruwa yana iya kai shekara, yana iya wucewa.